Digirin Gudu: Amsa Ga Masu Dariya

Ƴan uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a fadarmu ta ƴan Kurfai da ke Yamai, wani dare ana jiran shayi na biyu. Wani yaronmu ɗan Shikal, wanda ya gama lisans ɗinsa, ya zo da kwafin wata takarda da ya gani manne a allon sanarwa. Wata jami'a ta ƙasar waje ce ke neman ɗalibi guda da zai yi bincike na shekara uku, a kan yadda ake auna ƙarfin da jikin masu gudun dogon zango da masu tseren keke ke ƙonewa. Yaron ya ce shi dai yana son ya gwada sa'arsa. Bai rufe baki ba fada ta ɗauki dariya. Wani ya ce: "To, Kurfai za ta samu dokta na gudu!" Wani ya ce: "Mu da ba mu ƙoshi ba, mi za mu yi da awon nishin ƙattin Turawa?" Mai dafa shayin ma da bai cika magana ba ya ce: "Kai dai ka ce biza kake so, mu yi maka addu'a." Yaron ya naɗe takardarsa ya sa aljihu, bai sake cewa uffan ba.

Ni ma na yi dariya a daren, ba zan ɓoye ba. Da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai, na yi sati biyu ina karance-karance, yanzu ga ni na dawo in ce mun yi kuskure, kuma kuskuren ya fi na raina yaro ɗaya girma. Mun raina ilimin da ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka manna takardar.

Mi ake aunawa?

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen moto ya san tambayar farko: "Ya shan mai?" Moto biyu na iya tafiya daga Filinge zuwa Baleyara da gudu ɗaya, guda ta sha lita biyu, guda ta sha uku. Jikin mutum ma haka yake. Abinci shi ne man, iskar oksijin da muke shaƙa ita ke ƙona shi, kuma tunda ba a iya leƙa cikin tsoka a ga wutar, sai a auna iskar. Kowace lita ta oksijin da jiki ya sha tana nufin an ƙona wajen kilokalori 5. Tun 1911 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Douglas ya fito da wata babbar jaka da mutum ke hura numfashinsa a ciki yana aiki, daga baya a auna yawan iskar da abin da ya ragu na oksijin a cikinta. A shekarun 1920 A. V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1922, ya nuna cewa kowane jiki yana da iyakar oksijin da zai iya sha a minti guda, komai ƙoƙarinsa. Wannan iyaka ita ce girman injin. Amma girman inji daban, tsimin mai daban, kuma takardar da muka yi wa dariya a kan tsimin man take magana.

Bari mu yi lissafi irin na ƴan aji uku na koleji. Mai gudu da ya saba yana shan wajen mililita 200 na oksijin a kowane kilo na nauyinsa, a kowace kilomita. In yana da kilo 60, lita 12 ke nan a kilomita, wato kilokalori 60. Gudun marato kilomita 42 ne da ƴan kai, sai ya tashi wajen kilokalori 2,500. A hatsi, wannan ya kai gram 700, kusan rubu'in tiya. Yanzu ku dubi Zersenay Tadese ɗan Eritiriya, wanda ya kafa tarihin duniya a rabin marato a Lisbon a 2010. Da masu bincike na Sipaniya suka auna shi, sun samu mililita 150. Hanya ɗaya, nisa ɗaya, shi yana biyan kashi uku cikin huɗu na abin da wani ke biya. Mi ya sa? Siraran ƙwauri ne, ko jijiyar agara mai naɗe ƙarfi ta sake shi kamar roba, ko yadda yake taka ƙasa, ko shekarun horo? Har yau masana suna ja-in-ja a kan rabon kowane. Kamfanin Nike ya zuba dukiya a wannan tambaya, ya fito da takalmin da wani bincike na jami'ar Kolorado a 2017 ya nuna yana rage kuɗin gudu da wajen kashi 4 cikin ɗari. Da takalmi na wannan zuri'a Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi marato cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019.

Kashi 4 cikin ɗari! A kan wannan ɗan ragi ake kashe miliyoyin dala, don mutum guda ya rage minti biyu ko uku a tsere. To ku gaya mini, a duniya wa ya fi bukatar sanin yadda ake rage kuɗin motsi da kashi 4, ko 10, ko 20: ɗan tseren da likita ke tsara wa abinci, ko manomin Kurfai da ke shiga gona watan Yuli rumbu ya kusa ƙarewa?

Mu ne ƴan dogon zango

A ƙasarmu kusan komai da tsoka ake yinsa. Shuka, noman fari, maimai, girbi, ɗaurin dammai, sussuka, daka, jan ruwa, itace, bin dabbobi. A cikin Dallol Boso ruwa na kusa, amma ku hau tudu ku ga tsawon igiyar guga. Tun da matsalar tsaro ta sa aka riƙa hana hawan moto a sassan jahar Tilaberi, tafiyar da a da ake yi cikin rabin awa ta koma ta ƙafa, ko keke, ko amalanken jaki. Ɗan tsere yana gudun awa biyu ya huta kwanaki. Mai noma yana aikin awa shida ko bakwai, gobe ya koma, jibi ya koma, har damina ta fita, kuma lokacin da aikin ya fi tsanani shi ne lokacin da abinci ya fi ƙaranci. In akwai gasar juriya da ta fi wannan, ban san inda ake yinta ba.

Ga kuma zafi. Tsokar mutum, ko ta gwanin tseren keke, tana mayar da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na abin da ta ƙona ya zama aiki. Sauran duka zafi ne da dole jiki ya fitar, in ba haka ba ya dafa kansa. Hanyar fitar da shi a ƙasa irin tamu ita ce zufa: lita guda da ta bushe a fata tana tafiya da wajen kilokalori 580 na zafi, kuma mai aiki tuƙuru a rana na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Ruwa na raguwa a jini, zuciya na ƙara bugu don ta cike giɓi, aikin da aka yi da sauƙi da hantsi ya zama dutse da azahar. Masu wasanni sun san wannan sarai. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara maraton mata don gudun zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Bayan wannan aka ɗauke maraton wasannin Olimpik na Tokiyo aka kai shi Saporo da ke arewa. Su zafin dare ɗaya ya girgiza su har suka canza gari. Mu watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 kusan kullum, a ciki ake sharar gona, a ciki muka yi azumin wasu shekarun baya, a ciki ake sa samari gudu in suna neman shiga aikin kaki.

Ilimin da aka tara a kan ƴan tsere shi ne aka ɗauka aka kai gonakin rake na Nikaraguwa da El Salbado, inda masu yankan rake matasa ke mutuwa da ciwon ƙoda. Aka ɗaura musu abin auna bugun zuciya, aka auna nauyinsu kafin aiki da bayansa, aka gane cewa aikinsu na yini ya yi kama da na ɗan gasar juriya, aka tsara musu ruwa da hutu da inuwa. Ƙasar Katar, inda wasu ƴan uwanmu ke zuwa biɗa, ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Waɗannan dokoki daga awo suka fito. Mu namu manoman da maginan da masu haƙar zinariya, da wace lamba za mu kare su?

Saniya tana da kundi

Ga abin da ya fi ci mini rai. Arewa kaɗan da Filinge akwai tashar Tukunus, inda tun kafin ƴancin kai ake kiwon shanun Azawak ana inganta irinsu. A can saniya tana da lamba, an san uwarta da ubanta, ana rubuta litar nonon da ta bayar. Wannan aiki ne mai kyau, kuma shi ya sa ake jin sunan Tukunus a littattafan kiwo har wajen Nijar. Babu wanda ya taɓa yi wa ma'aikacin Tukunus dariya ya ce masa dokta na nono. Mun yarda cewa saniya ta cancanci awo. Amma yaron da ke bin ta tun asuba, ko yarinyar da ke ɗauko mata ruwa, da an ce a auna abin da jikinsu ke kashewa sai mu ce wasan Turawa ne. Tun tasowata a Kurfai na ga an auna ruwan sama, na ga an auna hatsi da tiya, na ga an auna damtsen jarirai a likita da ɗan tsiri mai launi uku, ban taɓa ganin an auna numfashin mai aiki ba.

Kada wani ya ce ba a taɓa yin irinsa a ƙasashe irin namu ba. A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike, cikinsu har da Fanny Bleiberg da Thierry Brun, sun bi manoma mata da maza a ƙauyukan Hot Bolta, Burkina Faso ta yau, suna auna ƙarfin da kowane aiki ke ci da rani da damina, suka buga sakamakon a 1980 da 1981. Har yau ana komawa ga alƙalumansu. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Kayan aiki sun canza, zafi ya ƙaru, amalanke ya yawaita, bido ya maye gurbin tulu. Wa zai sabunta?

Ga wani misalin da ya fi kusa da kan iyayenmu mata. A 1986 Geoffrey Maloiy, malamin jami'ar Nairobi, shi da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa matan Luo da Kikuyu na Kenya suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyinsu a ka ba tare da shan oksijin ɗinsu ya ƙaru ba, abin da sojojin da aka horar da jakar baya ba su iya ba. Duniya ta yi mamaki. Daga baya, a 2010, wani binciken a kan matan Khosa na Afirka ta Kudu ya ce abin bai zama gama-gari ba: wasu matan suna da wannan tsimi, da yawa ba su da shi, kuma suna kukan ciwon wuya. Magana ke nan da ba a rufe ba. Ku lura kuma, bido na lita 20 kilo 20 ne, a kan mace mai kilo 55 ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, nesa da kashi 20 ɗin da ake gardama a kai. Nawa take biya a kowace kilomita a cikin rairayin dallol, inda ƙafa ke nutsewa? Da bido biyu a amalanken tura, nawa za ta rage? Na'urar da ke amsa wannan ita ce dai wadda ake ɗaura wa ɗan marato. Hanyar lissafin ɗaya ce. Yaron da ya koyi auna ɗan tsere ya koyi auna uwarsa.

Haka nan tsohuwar gardamar da ake yi a gindin bishiya: noma a tsaye da doguwar hauya irin tamu, ko noma a duƙe da gajeriya irin ta mutanen kudu, wanne ya fi cin jiki a faɗin gona ɗaya? Kowa da ra'ayinsa, har kakanninmu sun mutu ba a yanke ba. Sati uku na awo a gona ɗaya da mutum ashirin zai ba da amsar da za a iya rubutawa.

Amsa ga hujjoji huɗu

Ta farko: "Yunwa ce a gaba, a fara da noma da likitanci." Na yarda yunwa ce a gaba. Amma yunwa lissafi ce mai gefe biyu, abin da ya shiga ciki da abin da jiki ya kashe. Jami'o'inmu, daga Abdu Mumuni ta Yamai har Bubakar Ba ta Tilaberi, suna da masu nazarin gefen farko: iri, taki, ruwa, rumbu. Gefe na biyu shi ma yana son masu shi. Wanda ya rage wa mace kilokalori ɗari uku a yini ta hanyar sauƙaƙa jan ruwa da ɗaukarsa, kamar ya ƙara mata wajen gram 80 na hatsi ne kullum ba tare da ya shuka ƙwaya ɗaya ba. Kuma yaro ɗaya ne ya ce zai tafi wannan fanni. Ba a ce a rufe sashen noma ba.

Ta biyu: "Wasa ne, wasa kuwa ba sana'a ba ne." Wannan magana daga bakin mutanen da ke rufe shago su kewaye rediyo in ana kokawar Takobi! Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, zamanin Seyni Kunce, wanda shi ma ɗan gundumar Filinge ne, babu abin da ke haɗa ƴan Nijar kamar ta. Duk mai kallon kokawa ya san sau nawa ƙaton da ya fi ƙarfi ke faɗuwa don numfashi ya ƙare masa bayan an daɗe ana riƙe-riƙe. Muna cewa asiri ne, muna cewa an ɗaure shi. Wani lokacin kuwa horon juriya ne bai samu ba, ko ruwan da ya rasa tun safe. Lambobinmu na Olimpik biyu ne, tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a Riyo 2016, kuma Alfaga a Jamus ya yi horonsa. A wasannin juriya fa? Abdu Manzo ya yi mana marato a Seyul a 1988. A Landan 2012 Hamadu Jibo Isaka ya shiga tseren kwale-kwale bayan horon wata uku, ya zo na ƙarshe, ƴan kallo suka tafa masa don jarumtarsa. Jarumi ne, babu shakka. Amma ƙasar da kogin Kwara ya ratsa, mai Sorkawa da ke tuƙa jirgi tun suna yara, ta cancanci fiye da tafin tausayi. Kenya ba da addu'a kaɗai ta gano Iten da Eldoret ba: malaman makaranta ne suka riƙa sa yara tsere suna rubuta lokaci, masana irin su Bengt Saltin ɗan Suwidin suka zo suka auna. Ban ce Kurfai za ta zama Iten ba, Iten tana kan tsaunin da ya kai mita 2,400, mu muna kwari. Amma wanda bai auna ba, bai da bakin cewa babu.

Ta uku ta fi nauyi, kuma ba a fadarmu na ji ta ba, daga wani dattijo na ji: "Za su mayar da mu ɓerayen gwaji." Wannan tsoro yana da tushe. Mun san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Auna numfashi ba ba da magani ba ne, amma darasin ɗaya ne: in baƙo ne kaɗai ya san abin da na'ura ke yi, mu sai dai mu miƙa jiki mu yi shiru. Maganin wannan shi ne a samu ɗan gida da ya san aikin, wanda zai yi wa tsohuwa bayani da Hausa ko Zabarmanci, ya gaya mata tana da ikon cewa a'a, ya dawo ya faɗa wa gari abin da aka samu. Akwai ma wani haɗarin da ɗan gida zai fi kula da shi. Masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila suna da yawa a cikinmu, mafi yawansu lafiya lau, wasu ma gwanayen wasa ne, amma an san gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa na iya zame wa wasunsu haɗari. Malamin motsa jiki da ya san wannan zai tsara gudu da ruwa da hutu daban da wanda bai sani ba. Rai ake magana a nan.

Ta huɗu ita ce ta mai shayi: "Biza yake so." To, wataƙila. Wa a cikinmu bai taɓa mafarkin jirgi ba? A nan zan juya in fuskanci yaron namu, don shi ma ina da magana da shi. Ƙanena, in ka je ka yi shekara uku kana auna ƴan tseren keke a ɗaki mai sanyi, ka samu takardarka, ka zauna can kana gyara wa attajirai minti biyu, to masu dariya sun yi gaskiya, ni na yi ƙarya. Ba laifi ba ne ga shari'a, rayuwarka ce. Amma kada ka ce don Kurfai ka yi. In kana son mu tsaya maka, ka tafi da tambayar gida a aljihu. Ka rubuta ta cikin wasiƙar neman gurbin: ni na fito daga inda ake aikin awa bakwai a zafin 40, ina son in koyi awonku in gwada shi a can. Kada ka ji kunyar wannan. Duniya na ƙara zafi, masu binciken juriya suna kashe kuɗi su gina ɗakin da ke kwaikwayon yanayin da kai aka haife ka a cikinsa. Abin da kake ɗauka talauci ne, a teburin zaɓen ɗalibai shi ne abin da sauran masu nema ba su da shi.

Abin da za mu iya tun yanzu

Kada mu jira jirgi. Na'urar auna iska mai tsada ce, gaskiya, amma ana fara aikin da abin da bai fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. Filin ƙwallo da aka auna zagayensa da mita, agogon salula, sikelin awon mutum, ma'aunin zafi, da kaye guda. Gwajin Cooper, wanda wani likitan sojan saman Amurka ya fito da shi a 1968, gudun minti 12 ne kawai a auna nisan da aka ci. Gwajin kai-da-komo na Luc Léger ɗan Kanada, a tsakanin layi biyu masu nisan mita 20, malaman motsa jiki da suka fito daga INJS ta Yamai sun san shi. Awon zufa ya fi duka sauƙi: a auna mutum kafin ya shiga gona da bayan ya fito, a haɗa da ruwan da ya sha, kowane kilo da ya ɓace wajen lita guda ce. Ana ƙirga bugun zuciya da yatsa biyu a wuya.

Sai dai mu san iyakar wannan. Bugun zuciya shi kaɗai yana ruɗi, don zafi da ƙishirwa suna ɗaga shi ko aikin bai ƙaru ba. In ana son a mayar da shi kilokalori, sai an daidaita shi da awon iska ga kowane mutum. Nan ne ake bukatar wanda ya yi karatun mai zurfi, da ɗakin gwaji, da sanin lissafin ƙididdiga. Kayenmu zai kai mu bakin ƙofa, yaron da muka yi wa dariya shi zai buɗe ta. Kuma kowane gwajin gudu a yi shi da sanyin safiya, da ruwa a kusa, da ma'aikacin lafiya, kuma duk wanda ya ce ya gaji a bar shi ya tsaya.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Mu ƴan ƙungiya, a babban hutu mai zuwa, mu zaɓi gari ɗaya a Kurfai ta Tsakiya inda hali ya bari, mu nemi izinin mai gari da na likita, mu buɗe kaye. Masu lisans a ilimin halittu, da ƴan likitanci, da ƴan INJS, ku duba irin waɗannan gurabe da idon basira, ba sai Turai ba: akwai INJEPS a Porto Nobo ta Benin, akwai INSEPS a Dakar. Ku koyi Ingilishi, don kusan duk abin da ake bugawa a fannin da shi ake bugawa. Ƴan mata musamman, wannan kira naku ne, don babu namijin da za a bari ya bi matan aure rijiya da sikeli. Hukumar ANAB da ma'aikatun da ke kula da ilimi mai zurfi da wasanni, muna roƙo a sa wannan fanni cikin waɗanda ake ba burs, da sharaɗin a yi aikin fili a gida kuma a ajiye kwafin alƙaluman a jami'armu. Wanda ya tafi ya dawo, a ba shi ɗaki da na'ura, kada a tura shi ofis yana buga hatimi.

Mu kuma na fada, mu rage saurin dariya. Mun iya zagin Turawa a kan sun rubuta tarihinmu ba da bakinmu ba, mun iya cewa a ba mu ikon albarkatunmu. Albarkatun da kowane gida a Kurfai ke kashewa kullum, tun kafin uraniyom da man Agadem, shi ne ƙarfin jikin mutanensa, kuma ba mu san farashinsa ba. Yaro ɗaya ya tashi ya ce zai koyi awonsa, muka ce masa dokta na gudu.

Na je na same shi shekaranjiya na ba shi haƙuri. Takardar tana nan a aljihunsa, ta yi laushi don naɗi, wa'adin bai wuce ba. Muna neman wanda ya iya Ingilishi sosai ya duba masa wasiƙarsa kafin ƙarshen wata. Wanda zai iya, ya same mu a fada bayan isha'i, shayin farko a wuyana.